Bindiga a gida: ƙarƙashin matashi ko bayan kwaɗo? Tambayoyin mutanen Kano da amsoshinsu

Tun ranar da aka sa ni cikin kwamitin tsaron unguwarmu, da wuya mako ya wuce wani bai ja ni gefe ba bayan sallar Isha'i, ya sassauta murya ya ce, "Malam, wai ni kam maganar bindigar nan fa?" Wani ɗan kasuwar Kwari ne ko Singa da magariba ke riska da kuɗin ciniki a jaka. Wani ya yi sabon gini can bayan gari, inda maƙwabcinsa mafi kusa kango ne. Wasu tambayoyin kuwa ta hannun uwargidana suke iso ni, daga matan da ba za su iya tarar mazajensu da zancen ba. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan.

Gara in faɗi inda na tsaya tun da wuri. A gidan da akwai bindiga na tashi. Marigayi mahaifinmu yana da mai baki biyu, da lasisinta, yakan fita farauta da ita da rani. Ban ƙi bindiga ba, ban kuma raina tsoron da ke sa mutum ya neme ta ba. Sai dai an ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma a gidan da aka bar bindiga a ɗure inda hannu zai kai, lissafin juyewa yake yi. Dare ɗaya ne na ɓarawo, in ma ya zo. Sauran dubun na yaran gida ne, da baƙi, da ranar da zuciya ta ɗebi maigida.

Shin doka ma ta yarda in ajiye bindiga a gidana?

Ta yarda, amma ba ga kowa ba, ba kuma kowace iri ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin yaƙi irin su AK-47, da masu sarrafa kansu, har da ƙaramar bindiga ta aljihu, wato fistol, wadda mutane da yawa ke zaton ita ce mai sauƙi. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu bindigogin farauta ne, mai baki ɗaya ko biyu wadda ba ta loda kanta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗannan Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da ta cewa a kansu. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da izini.

Dokar ta hana a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da ta kashin farko babu izini, mafi ƙarancin abin da ke jiransa ɗaurin shekara 10 ne. Ta kashi na biyu kuwa har shekara 5.

A watan Agusta na 2023, Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka mai son sanin inda aka kwana ya taka da ƙafarsa zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ya tambaya. Duk wanda ya raɗa maka cewa yana da "hanya" ta bayan fage, hanyar gidan yarin Kurmawa yake nuna maka.

To ai gwamnoni da bakinsu suka ce kowa ya nemi bindiga.

Sun faɗa. Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta yi nata a Zamfara a watan Yuni na 2022. Ba a kwana biyu ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Maganar gwamna a rediyo ba ta goge dokar tarayya, kuma ranar da aka gurfanar da kai, ba gwamnan ne zai tsaya a gaban alƙali ba.

Sannan mu duba wa aka yi wa maganar. Mutumin ƙauyen da barayin daji ke afka wa a kan babura, halinsa daban. Mu ma a jihar nan, duk wanda ya ji abin da ya sami mutanen Shanono da Tsanyawa a kan iyakar Katsina ba zai ce tsoron na banza ne ba. Amma abin da ya fi addabar cikin birni ƙwacen waya ne da faɗan daba, a titi da lungu, da wuƙa da barandami da gariyo. Bindigar da ke kwance a turakarka ba ta san an tare ka a bakin layi ba.

In na cire harsashi na kulle ta, ɓarawo zai tsaya ya jira in nemo makulli ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba zan yi mata amsar raini ba. Ko a Amurka a kanta aka yi shari'a: a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wata dokar birnin Washinton da ta tilasta wa mutane ajiye bindigar gida babu harsashi, a kulle ko a warware, bisa hujjar cewa hakan ya hana mutum kare kansa da ita. Gaskiya ne, bindigar da ke kulle ba ta kai ta ƙarƙashin matashi saurin zuwa hannu ba.

Amma ka zauna ka auna daren da kake tsoro. Iri biyu ne. Ko dai ka farka ka ga mutane tsaye a kanka da tocila a idonka, ko kuma ka farka da ƙarar ana dukan ƙofa. A na farko bindigar ƙarƙashin matashi ba taka ba ce, tasu ce. Kai hannunka gare ta shi ne zai sa su gama da kai, sannan su tafi da ita su shiga gidan wani. A na biyu kana da lokaci, kuma wanda ya saba da akwatinsa ba ya buƙatar dogon lokaci kafin ya buɗe. Ashe daƙiƙun da ake ta jayayya a kansu ba a wurin bindiga ake samo su ba. A ƙofa ake sayen su: ƙarfen ƙofar, sakatarta, hasken tsakar gida, haushin kare.

Akwai kuma abin da wannan ɗan jinkiri yake yi wanda ba a cika faɗa ba: yana ba mutum damar wartsakewa. Muna yara, Baba yakan rufe soro ƙarfe goma, wanda ya makara ya nemi wurin kwana. Wata rana yayanmu ya saci jiki ya tafi sinima, ya dawo wajen ƙarfe ɗaya. Tsoron buga ƙofa ya sa ya kama katanga ya haura, ya diro a kan kwanukan wanke-wanke. Babu wuta, ga duhun damina. Baba ya zabura ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, amma makullin yana aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Yana ta lalube a bango yana salati. Cikin wannan lalube ne wanda ke tsakar gida ya yi tari, Inna ta riƙe hannun Baba ta ce, "Malam, tsaya! Wallahi tarin yaron nan ne." Da safe ya sha bulala har maƙwabta suka shigo ceto. Yau yana da jikoki.

Gidajenmu na Kano ba irin waɗanda mutum ke zaune shi kaɗai da matarsa ba ne. Wa ke motsi da tsakar dare? Almajirin da ke kwana a soro, da yaron da ya fito kewaya, da matar da ta tashi ɗora sahur, da baƙon da ya zo daga ƙauye bai san ina banɗaki yake ba. Cikin motsi ɗari da za ka ji, nawa ne na ɓarawo? Ɗan tseren nan na Afirka ta Kudu, Oscar Pistorius, ya yi harbi huɗu ta cikin ƙofar banɗaki a daren 14 ga Fabrairu 2013, ya kashe budurwarsa, ya ce ya ɗauka ɓarawo ne. Ko ka gaskata shi ko ka ƙaryata, kotu dai ta kama shi da laifin kisa, kuma harsashi bai tambayi waye a bayan ƙofar ba.

Ga wanda ke can bayan gari shi kaɗai, ban ce ya kai akwatin sito ba. Ya kafa shi a ɗakin da yake kwana, kusa da gado, ya saba da buɗe shi cikin duhu. A kulle dai.

'Ya'yana masu tarbiyya ne, kuma na ɓoye ta a saman sif, ba su ma san da ita ba.

Alhaji, sun sani.

Ina shekara tara na san Baba yana ajiye harsasai a cikin wani gwangwanin madara a saman sif, bayan tsofaffin jaridu. Ran nan ya tafi kasuwa, na mirgino turmi na kife na taka. Harsasan jajaye ne masu gindin tagulla, gwanin sha'awa. Na zari ɗaya na jefa a aljihu, na yi mako guda ina nuna shi a makarantar allo, wanda nake so in ba shi ya riƙe, wanda ba na so in hana shi. Har wani ya kawo shawarar mu jefa shi a wutar karatu mu ga abin da zai yi; Allah ne ya sa Malam ya fito. Na mayar da shi gwangwani. Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa bai san an yi haka ba, kuma da an tambaye shi zai rantse 'ya'yansa ba sa taɓa masa kaya. Abin da ya tsare mu kawai shi ne ita bindigar tana bayan kwaɗo.

Ba ni kaɗai ba ne. A wani gwaji da likitocin yara suka yi a birnin Atlanta aka wallafa a 2001, an bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 rukuni-rukuni a ɗakin da aka ɓoye bindigar gaske, wadda aka lalata don kada ta tashi, a cikin durowa. Yawancin rukunonin sun gano ta, kuma a kusan rabin waɗanda suka gano ta sai da wani ya ja kunama. Kusan duk yaran da suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Gargaɗin ya shiga kunne, hannu bai ji ba.

Ka tuna kuma abin da yaranmu ke saya da barka da Sallah: bindigar roba, suna bin juna a lungu suna "tau! tau!" Yaron da ya saba auna ƙaninsa da ta roba, me zai fara yi in ta gaske ta faɗo hannunsa? A yi musu faɗa, a koya musu cewa in sun ga bindiga ko'ina kada su taɓa, su fita su kira babba. Amma faɗa ƙari ne a kan kwaɗo, ba madadinsa ba. Kuma ko naka sun ji, 'ya'yan ƙanwarka da ke zuwa hutu fa?

Akwai wata shaida ta bincike, ko tsoratarwa ce kawai?

Yawancin binciken a Amurka aka yi shi, inda bindiga ta yi yawa a gidaje har ake iya ƙirgawa. Likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa sun wallafa a 1993 cewa a gidan da ake ajiye bindiga, haɗarin a kashe wani ɗan gidan ya kusa ninka na gidan da babu ita sau uku, kuma mafi yawan wannan ƙarin daga dangi ne da na kusa, ba baƙin ɓarayi ba. An soki binciken da cewa wataƙila masu ajiye bindigar tun asali a cikin haɗari suke zaune, kuma sukar ba ta banza ba ce. Sai dai wani binciken na 2005 ya kwatanta masu bindiga da masu bindiga 'yan'uwansu, ya ga cewa inda ake kulle ta a cire harsashi, haɗarin yaro ko matashi ya harbi kansa ko wani bisa kuskure, ko ya kashe kansa, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan na biyun shi ya fi shafar maganarmu.

A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka kashe kansu. A jihar Mishigan, a 2024, kotu ta ɗaure wani uba da matarsa saboda ɗansu ɗan shekara 15 ya ɗauki bindigar da ba su killace ba ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu. Amurka ba Kano ba ce, amma yaro yaro ne ko'ina, fushi ma haka. A Ingila, 'yan sanda sukan zo gida su ga akwatin ƙarfen da za ka kulle ta kafin maganar lasisi ta yiwu. Dokar Afirka ta Kudu ta 2000 ita ma ta wajabta akwatin. Tamu dokar ta 1959 ta ɗora wa mai lasisi alhakin killace bindigarsa a kowane lokaci.

Ina da lasisi. Yaya zan ajiye ta?

Kafin komai ka karya ta ka leƙa cikin bakinta da idonka, duk lokacin da ka ɗauka da duk lokacin da za ka ajiye, ko da kai ne ka cire harsashin jiya. "Ai babu komai a ciki" ita ce kalmar da ake yawan ji a gidan makoki bayan irin wannan tsautsayi.

Akwatin ya zama na ƙarfe mai kauri, ba irin na kwano da ake kai yara makarantar kwana da shi ba. Mai walda na kirki zai haɗa maka. A ɗaure shi da bango ko daɓe da ƙusoshin ƙarfe, don akwatin da mutum biyu za su iya ɗauka, kyauta ka naɗe musu. Harsashi a wani wurin daban mai nasa kwaɗon.

Inda aka fi yin sake shi ne makulli. Mutum ya kashe kuɗi ya yi akwati, sannan ya zura makullin cikin tarin makullan motar da yake miƙa wa yaro kullum da safe ya je ya wanke ta. Ko ya tura shi ƙarƙashin dardumar salla. Makulli a jikinka yake kwana, a jikinka yake wuni. In mai lamba ne, kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, su yara ke fara gwadawa. Masu buɗewa da zanen yatsa suna da sauri, amma da batir suke aiki, ga ƙurar hunturu, don haka a riƙa gwada su. Da damina a duba tsatsa a shafa mai.

Sai kame baki. Bindiga ba abin nuna wa majalisa ba ce, ba ta hoto a Facebook ba ce. Wanda ya yi shelar yana da ita don a ji tsoronsa, ya sanar da masu nemanta inda za su same ta. In za ka yi doguwar tafiya, Hajji ko Umara, ka kai ta ajiya wurin 'yan sanda ka karɓi takarda. In kuwa aka sace ta ko ta ɓata, doka ta ba ka kwana 14 ka sanar da hukumar da ta ba ka lasisi. Ni dai da ni ne, ranar zan je.

Ba an ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada ba?

An ce, hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim, kuma babu malamin da ya hana mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Amma wanda ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Shi ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo. Shi ya ce kada a bar wuta tana ci a gida in za a kwanta barci. Wanda aka ce ya kashe fitila kafin ya kwanta, ina ga ya kwanta da bindiga a ɗane cikin 'ya'yansa?

Kisan kuskure ma ba a yafe shi haka kawai ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, wanda bai sami wuyan 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinare 1,000 na zinare. Ka tambayi masu gwal a kasuwa abin da hakan ya kama yau.

In na harbi ɓarawo a cikin gidana, ai babu ruwana ko?

Ba haka kai tsaye ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 da dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa sun amince da kare kai da dukiya, amma da sharaɗin kada ƙarfin ya wuce abin da halin ya buƙata. Wanda ya nufo ka da makami daban, wanda ya juya baya yana kama katanga da buhun shinkafarka daban. Yaron da ya shigo satar tantabaru ba a biyan sa da harsashi. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi a Adamawa da ya ce kare kansa ya yi, domin a ganin kotu ya riga ya ƙwace wuƙar daga hannun wanda ya far masa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan hukuncin, amma ya nuna yadda alƙalai ke auna abin da tsinin allura. Kuma ko an wanke ka daga laifin kisa, in bindigar ba ta da lasisi, wannan shari'a ce mai zaman kanta.

Maigidana yana kwana da ita a ɗure a ƙarƙashin katifa. Ina tsoro, amma in na yi magana sai ya ce ba harkar mata ba ce.

Hajiya, harkarki ce, ke ce kike wuni da yaran a gidan. Kada ki ɗauko zancen lokacin da ransa yake a ɓace, kada kuma ki taɓa ta ko ki sauya mata wuri da kanki. Ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki fara da yaran, ba da shi ba: "Alhaji, jiya fa na tarar da autanka yana tsalle a kan gadonka." In bai ji ba, ki kai wa wanda yake jin nauyi, yayansa ko mahaifiyarsa ko limamin unguwa, a ɓoye, ba a taron suna ba.

Amma akwai halin da ya wuce lallashi. In ya taɓa ɗauko ta ana cikin faɗa, ko ya ce "kin san dai abin da ke ɗakin nan", ko yana shaye-shaye, wannan ba maganar akwati ba ce kuma. Ki kwashi yaranki ki tafi gida, manyanki su sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Kada kunyar "me za a ce" ta zaunar da ke.

Haka in akwai wani a gidan da damuwa ta yi wa yawa: saurayin da ya faɗa ƙwaya, ko maigidan da kansa in karayar arziki ta same shi ya daina cin abinci, ya fara cewa gara mutuwa. Mukan ce Musulmi ba ya kashe kansa, mu kawar da kai, alhali ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Irin wannan tunani sau da yawa guguwa ce, takan taso ta lafa, kuma wanda ya tsallake ta yakan rayu ya gode wa Allah. Bindiga ce ba ta ba da damar a tsallake. A irin wannan lokaci a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya a kai wa hukuma ajiya, shi kuma a kai shi ga likita, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau.

Tawa ta toka ce, irin ta mafarauta. Ita ma sai an yi mata duk wannan?

Har ta fi buƙata. Harba-ka-ruga ba a cire mata ɗuri cikin sauƙi, shi ya sa ake jingine ta a lungu da albarushinta a ciki wata da watanni, ga wanda ya ɗura ma ya manta. Ƙirar maƙera ce, wata kan fashe a hannun mai ita. Albarushi kuma ba ya shiri da zafin bazara da garwashin hunturu. Ko 'yan bindigar Sarki da ke sa gari ya amsa ranar Hawan Daushe, sama suke nufa da bakinta, kuma gadon gidansu ne, sun san ta.

Tafiya da ita ma sai da lura. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 da ke kan hanyar dawowa Kano daga Fatakwal don yin Sallah, gungun mutane suka kashe su a Uromi ta jihar Edo bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Zalunci ne tsagwaronsa, Allah Ya jiƙansu. Ya kuma nuna yadda ganin bindiga kawai ke kwance wa mutane hankali a ƙasar nan.

In ban ajiye bindiga ba, da me zan kare gidana?

Da abin da zai jinkirta su, da abin da zai tona su. Ƙofar ƙarfe mai sakata sama da ƙasa, ta waje da ta ɗakin kwana. Ƙarafan taga, amma a bar guda mai buɗewa ta ciki saboda gobara, kada a gudu ba a tsira ba. Fitila mai sola a ƙofar gida da bayan katanga. Kare, ga mai filin ajiye shi. Usur a kowane gida, da yarjejeniyar cewa in ɗaya ya busa kowa ya busa. A layinmu abin da ya fi yi mana aiki shi ne kuɗin 'yan sintiri da kowa ke bayarwa duk wata, da zauren WhatsApp da aka hana tura wa'azi da tallan atamfa a cikinsa don kada saƙon gaggawa ya nutse. Lambar DPO na yankinku da lambar gaggawa ta 112 su kasance a wayar kowane babba a gidan, har da matan.

Ɗan kasuwa kuma ya daina kai ciniki gida. Ga banki, ga masu POS a kowace kwana. Yawancin fashin gida da labari ake zuwa, wani ne ya ga jakar.

In tsautsayi ya faru, asibiti za su karɓe mu babu takardar 'yan sanda?

Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su. A danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki, kada a tsaya neman ciro harsashi ko zuba wani abu a ciwon, a nufi sashen gaggawa mafi kusa.

Mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga. Ta shiga cikin gado?

Ƙimarta dukiya ce, amma lasisin na mamacin ne shi kaɗai, ba a gadonsa. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal bayan rasuwar; daga nan riƙe ta babu izini laifi ne, ko da a akwati take. Kuma kwanakin zaman makoki su ne gida ya fi cika da yaran dangi, ɗakin mamaci a buɗe ana shiga ana fita.

Mu da Baba ya rasu, washegarin sadakar uku yayanmu, wancan dai mai haura katanga, ya kira ni ɗakin. Ya ciro makullin daga aljihun rigar, ya buɗe akwatin, ya karya bindigar ya ɗaga ta saitin taga ya leƙa bakin nan biyu. Muka naɗe ta a tsohon bargo, muka haɗa da littafin lasisin da gwangwanin madarar, mai unguwa ya raka mu ofishin 'yan sanda. Jami'in ya juye harsasan a kan tebur yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, ni kuwa ina tsaye ina kallon su, ina neman wanda ya taɓa yin mako guda a aljihuna.